Riga Ɗaya Tak

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Ɗalibai 'yan ajin ƙarshe sun sa ranar dinarsu ta gama karatu, Asabar 26 ga wata. Daga yau babu hutu ke nan. Duk wadda ta shigo shago, kafin ta taɓa riga sai ta tambaya: "Anti Larai, akwai irinta a gari?" Shekara tara ina ba da amsa ɗaya. Abin da na rataya ɗaya ne tak, in kin ga irinsa a jikin wata a Zuru ki dawo ki zage ni. Da wannan maganar nake cin abinci, ba wai kayana sun fi na kowa ba.

Bara 'yan mata biyu suka shiga dina da riga iri ɗaya. Aka ɗauke su hoto aka rubuta "tagwayen Mama", ya yi sati biyu yana yawo a waya. Shagon da ya sayar musu, yanzu abincin kaji ake sayarwa a ciki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Theresa mai shagon tsallaken titi ta sake fenti. Ruwan hoda. Ita ta sani.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Muntaka ya iso da kaya daga Kano. Ni da Theresa duk shi ke kawo mana, shagonta na kallon nawa, titi ne kawai tsakani. Da can duk ranar da ya zo, tare muke kwance buhunan. In riga ta fito biyu, ɗayarmu ta riƙe, ɗayar a ba masu kai kaya garin Mahuta. Ba wanda ya koya mana, haka muka tsara tun muna sayar da gwanjo a kan tebur.

Tun watan Maris ban taka shagonta ba. A gaban ɗalibai ta ce kayan Larai na iyaye mata ne, da kunnena na ji. Daga baya ta ce wasa ne. To, ni ba abokiyar wasanta ba ce.

Yanzu kowa buhunsa. A nawa na tarar da wata doguwar riga shuɗiya mai duhu, da duwatsu a wuya da bakin hannu. Na ce wa Muntaka, ɗaya ce? Ya ce, "Hajiya, ko a Kano ba ta da ta biyu." Rantsuwar Muntaka dai kamar gaisuwa ce, amma na karɓa.

Asabar, 12 ga Oktoba

An sayi shuɗiyar. Khairunnisa, 'yar Sakaba, mai karatun kiwon dabbobi. 'Yar ƙarama, ba ta da magana. Shekara huɗu tana wucewa ta ƙofata, abin da ta taɓa saya ɗankwali ne da safa. Yau ta shigo kai tsaye ta nuna rigar. Da ta gwada ta daɗe a gaban madubi, har na fara tunanin ba ta yi mata ba.

Sau uku ta tambaye ni. A na ukun ta ce 'yan ajinsu suna ce mata 'yar gona, wai duk abin da ta sa sai sun ce kwaikwayon wata ta yi. "Sau ɗaya dai, Anti, nike so in shiga wuri a ce wannan tata ce." Na ce ta kwantar da hankalinta. Ta yi mata tsawo, na tura ta wurin Lukuman tela ya rage.

Talata, 15 ga Oktoba

Ina share ƙofar shago na ɗaga kai. Mutum-mutumin shagon Theresa na sanye da irinta. Shuɗiyar, duwatsun, komai.

Na kira Muntaka, waya a kashe. Sai na koma na ci gaba da shara.

Laraba, 16 ga Oktoba

Tana nan. Theresa tsada gare ta, wataƙila har dina ta wuce ba a saya ba. Ko matar wani soja ta saya ta tafi da ita bariki. Ba dole ɗaliba ba.

Taku ashirin ne in je in ce, Maman Justice, sauke wannan, na riga na sayar da tawa. Da ta sauke, na santa. Amma sai ta fara da cewa ashe hanya ta buɗe, ta kira maƙwabta su shaida. Ni Larai ba zan ba ta wannan ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Mutum-mutumin ya koma jar riga.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kai wa Lukuman siket biyu ya gyara zif. Sai na ga rigunan nan biyu, a ƙusa ɗaya ya rataye su, shuɗi a kan shuɗi. Ya ce, "Hajiya, anko kuka fitar ba ku gaya mini ba?" Na ce na wa da wa. Ta Khairunnisa ya rage tsawo, ɗayar kuma ta Praise ce, an matse ƙugu. Ajinsu ɗaya.

Praise kuwa duk makaranta an santa. In ta ɗaura tsumma, gobe sai an zo nema a shago. Ba sai an gaya mini wadda za a ce ta kwaikwayi wata ba.

Na ce wa Lukuman ya raba musu ƙusa, kuma ya riƙe bakinsa. Ya dube ni. Ban son irin wannan kallon daga tela.

Talata, 22 ga Oktoba

Ciniki ya yi kyau. Takalma sun kusa ƙarewa. Laifin Muntaka ne, duk wanda ya tambaya haka zan ce.

Laraba, 23 ga Oktoba

Khairunnisa ta biyo da rigar a leda ta nuna mini aikin Lukuman. Ta sayi mayafi ruwan toka da zai shiga da ita. Ta ce yayarta za ta zo daga Sakaba ranar Asabar don kawai ta gan ta a ciki kafin ta tafi. Ni da kaina na zaɓar mata mayafin. Bakina ya buɗe sau biyu, duk biyun maganar mayafi ce ta fito.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Praise ta sa hoton rigar a sitatus ɗinta na waya. Wata ɗaliba ce ta nuna mini tana tambayar ko ina da irinta. Na ce babu.

Bayan la'asar Khairunnisa ta zo. Ba kuka, ba faɗa, ta tsaya daga bakin ƙofa da wayarta a hannu. Na fara ba ta labarin Muntaka, ta bar ni har na gama. Sannan ta ce, "Anti, yaushe kika sani?"

Da na ce yau, da ta yarda. Ban san abin da ya hana ni ba. Na ce tun Talatar makon jiya, tun kafin a sayi ta Theresa.

Ta ƙirga da yatsu a gabana. "Kwana tara." Ta ce jiya ma da nake zaɓar mata mayafi? Na ce har jiya. Na ce ta duba duk shagon ta ɗauki abin da take so. Ta duba kuwa, daga inda take tsaye, sama-sama. Masu kyan duk an kwashe tun makon jiya, ni na fi kowa sani. Ta ce sai anjima.

Na ji kunya. In rubuta tun da ba mai karantawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na tsallaka titi da safe. Theresa na goge gilas. Ta buɗe baki, ta ga fuskata, ta fasa. Ta ce, "Maman Yazid, mi ya faru?" Na gaya mata a tsaye.

Ba ta kira kowa ya shaida ba. Ta ce, "Kwana uku tana rataye a gabanki?" Na ce uku. Ta ce ko Justice na aiko mata da takarda ai da ta sauke. Sai na tuna mata Justice ɗanta ne, ba nawa ba. Muka kusa yin dariya.

Ta kira Praise. Praise ta ce ita ta riga ta nuna wa duniya, kuma gaskiyarta ce. Theresa ta shiga ciki ta fito da wata riga ruwan zuma da ta ɓoye don bikin godiyar girbi a cocinsu, ko alamar farashi ba ta cire ba. Muka kai wa Lukuman, yana da awon yarinyar, ya ajiye duk aikinsa ya rage ta kafin azahar. Na kira Khairunnisa sau shida. Na ba ɗan kabu-kabu ya kai hostal. Ya dawo da ledar yadda na ɗaure ta. Wai ta gode.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun huɗu suke wucewa a kan babura, kowace ta tattare riga. Na gane nawa guda goma sha ɗaya. Praise ta wuce, ta yi kyau, ba ƙarya. Na tsaya a ƙofa har aka kira magariba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ba ta je ba. Wata 'yar ɗakinsu ce ta kawo mini shuɗiyar da mayafin, a ninke. Ta ce tun safiyar Asabar Khairunnisa ta tari yayarta a tasha, suka juya Sakaba tare. Na ce to in ba ta kuɗinta ta kai mata. Ta ce ba ta ce a karɓo komai ba. Na nemi lambar yayar, ba ta da ita.

Ba wanda ya ji labarin. Lukuman bai yi magana ba, Theresa ma. Yau wata ta ce mini shi ya sa take son shagona, ba a taɓa kama ni da biyu ba. Na ce Allah ya rufa asiri.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Makaranta ta yi shiru, 'yan ajin ƙarshe duk sun watse. Rabin yini a shagon Theresa na yi shi. Fankarta ta fi tawa, shi ke nan.

Da yamma wata malamar asibiti ta shigo shagona, gajera, kusan tsayin yarinyar. Tana bincike ta jawo ledar shuɗiyar daga ƙarƙashin tebur, ta kara rigar a jikinta. Kamar don ita aka rage. Ta ce nawa, ko ciniki ba za ta yi ba.

Na ce an saya. Ta ce to me take yi a nan? Na ce mai ita ba ta zo ba tukuna.

Na tambayi direban motar Sakaba ko ya san gidansu. Ya ce zai bincika.