Jarkar Tanko Ba Ta Tuba Ba

Laraba, bayan isha'i, Gwarzo.

Yau na kai Yaya Sule asibiti. Idanunsa sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Likita ya danna masa ciki ta dama, ya ce hanta ce, ya tambaye shi me yake sha.

Har da dafa ƙirji, wai, "Likita, tun da Shari'a ta zo ban ƙara kusantar giya ba. Jiƙo kawai nake sha na ƙarin ƙarfi. Itatuwa ne, halas ne."

Jiƙon wa? Na Tanko! Tankon da ya yi shekara da shekaru yana sayar da burkutu a bayan kasuwar Garo. Da 'yan Hisba suka fara zagaye sai ya tsayar da gemu, ya rataya carbi, ya koma Malam Tanko mai magani. Ko jarkar bai canza ba. Saiwoyi yake jiƙawa da ganyen wiwi da abin da Allah kaɗai ya sani, magidanta na kurɓa har da bisimilla.

Likita ya ce ko saiwa ce, in ta yi yawa cin hanta take.

Muna dawowa na tarar Inna ta aika an karɓo wata gora wajen Tanko, wai maganin shawara. Na tuttular da ita a kwata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Ladi, maganin malami guda kike zubarwa?"

Na ƙyale ta na shige ɗaki don uwa ce. Amma Inna, hanta ba ta duba gemu.