Ruwan Lagireto da Mutuncin Surukina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kanikawan garejin unguwarmu, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi maka ban gajiya, kai da jama'arka. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, amma ka yi mini afuwa idan ka ga rubutun yana karkacewa. Dariya ce ke girgiza mini hannu. Jiya ma ina gwada wani mutum a shago na fashe da ita ni kaɗai, har ya shiga duba jikinsa ko wani abu ne ya yage. Sunana Sa'idu, tela ne ni, mai tsohuwar farar motar nan da mutanenka suka san cikinta fiye da yadda na sani.

Tun farkon daminar bara motar ta fara shan ruwa. In cika lagireto fal, in an kwana biyu in buɗe in tarar ya yi ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo babu. Na duba baƙin mai, yana nan baƙi, bai koma kalar koko ba. Salansa ba ta farin hayaƙi. Ruwa dai yana tafiya, kuma babu wanda ya ga hanyar da yake bi. Abin da na ɗura wa motar nan, da daga rijiyar Kusugu nake ɗiba da tuni hukuma ta neme ni.

Kafin in lissafa abin da aka yi mini a garejinka, dole ka san wanda abin ya fi shafa. Surukina ne, Baba Malam Idi, mahaifin matata Hajara, dattijo mai tsabta da ba ya sa tufa sai fara. Yana zaune a wani ƙauye gaba da Sandamu. Duk Juma'a nakan je in ɗauko shi ya yi salla a Daura, ya ci tuwo da jikokinsa, in mayar da shi bayan la'asar. Wannan ita ce doguwar tafiyar da motar take yi, sauran ranaku daga gida sai shago. Kujerar gaba tasa ce.

Wata Juma'a ya sauka a ƙofar masallaci, idona ya kai inda ya ajiye ƙafa. Kafet ya jiƙe sharkaf. Na kai hannu, ruwa ne mai ɗumi, ga shi ruwan ɗorawa. Na ɗaga kai na ga shi ma ya gani, yana duban bakin wandonsa da ya jiƙe. Ya kawar da kai, na kawar da nawa. Juma'a ta gaba ma haka, wadda ta biyo ta ma haka.

Za ka ce me ya hana ni faɗa wa kanikawa. Ranka ya daɗe, kai ma kana da suruki. Mutumin da nake tuɓe takalmi tun daga zaure in durƙusa in gaishe shi, shi zan tsaya tsakiyar gareji in ba da labarinsa? Ko a raina ban haɗa jiƙewar nan da lagireto ba. Lagireto yana gaba, Baba yana ciki. Ni tela ne, haɗa irin wannan aikinku ne.

Ga abin da aka yi mini.

Na farko, bakaniken da na fara samu ya ce murfin lagireto ne ya saki. Aka sa sabo. Ruwa ya ci gaba da tafiyarsa.

Na biyu, wani ya ce tiyo ne, aka sauya na sama da na ƙasa. Da abin bai tsaya ba ya ce to famfon ruwa ne, shi ma aka cire aka sa wani. Na gaya masa gilashin gaba yana yin gumi daga ciki, musamman ɓangaren fasinja. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce ai damina ce, Malam.

Na uku, kuma wannan nake so ka zauna sosai kafin ka karanta. Wani gwani ya ce ɓoyayyen rami ne a lagireto, maganinsa ɗanyen ƙwai da garin barkono. A gabana ya fasa ya zuba. Mako guda ina yawo a gari motata tana ƙamshin teburin mai shayi, yara suna leƙowa ko akwai burodi. Ramin, in ma akwai shi, ya cinye ƙwan bai gode ba.

Na huɗu, aka yanke hukuncin gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan inji. Na tuna musu mai bai gauraya da ruwa ba, kuma babu hayaƙi. Aka ce ai wani gaskit ɗin munafuki ne. A nan na ja motata na gudu.

Duk wannan zagayen, Ranka ya daɗe, ba wanda ya buɗe ƙofar fasinja. Na san dalili, kuma na ladabi ne: bakanike da kayan aiki duk maiƙo ba ya son ɓata wa mai mota kujera, sai ya tsaya a bakin bonet. Kuma kowannensu da na tambaya wane ruwa zan riƙa zubawa, amsa ɗaya ce, ruwa ai ruwa ne, ko na rijiya.

Ana cikin haka Baba ya aiko cewa ya daina zuwa Juma'a Daura, wai ƙafa. Ba ƙafa ba ce. Ya faɗa wa matarsa Inna, Inna ta faɗa wa Hajara, Hajara ta faɗa mini tana hawaye. Dattijo ya yarda cewa tsufa ya kai shi inda abu yake zubo masa bai sani ba. Sallolin da ya yi da waɗancan tufafin ya bi su ya rama, don yana shakkar tsarkinsa. Limancin da yake yi wa maƙwabta a ƙofar gida ya miƙa wa wani. Ya sha saiwa iri-iri. Wannan ɓangaren ba na dariya ba ne, ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Abin takaici, da ya daina shiga motar sai kafet ya bushe, tunda ba ta ƙara yin nisan da za ta ɗauki zafi ba. Shi ke nan, kowa ya ƙara gaskatawa.

Sai ga walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata Maryam, wadda Baba ne ya fara ɗora mata alƙalami a kan allo. Wannan ba ya iya ƙin zuwa. Inna ta ce tun asuba ya ƙi shan ko kurɓin ruwa, don kada ya ji kunya a gaban baƙi. Ni kuma ranar mai sayar mana da ruwa bai zo ba, abin da ke randa na girki ne, Hajara ta ce in na taɓa sai mun yi shari'a. Dole na tsaya a gidan mai na sayi galan ɗin ruwan lagireto, koren nan da nake gani a jere ina ɗauka na masu sababbin motoci ne. Na juye shi duka na kama hanyar ɗauko Baba.

Muka iso ƙofar gidana, jama'a cike a kan tabarmi. Baba ya buɗe ƙofa a hankali, ya sunkuya ya dubi ƙafarsa kamar yadda ya saba, da fargaba. Ya daɗe a sunkuye. Bakin farin wandonsa kore shar, safarsa kore, kafet kore kamar an juye miyar kuka. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa, ya ce, “Malam Sa'idu, na tsufa, na ga cuta kala-kala, amma ban taɓa jin ɗan Adam ya yi kore ba.”

Wallahi, Ranka ya daɗe, kunyar suruki ta gudu ta bar mu. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ni kuma na kifa kai a sitiyari, ham yana ta ihu ban ma ji ba. Ya fito yana ɗaga ƙafa yana nuna wa malamai, su ba su san abin da ake yi wa murna ba, suka taya shi. Sannan ya ce a ba shi ruwa. Kwano biyu ya shanye a tsaye.

Washegari na kawo motar garejinka na nuna wurin da yatsa. Wanda ya ce damina ce ya cusa kai ƙarƙashin dashbod, ya fito yana cewa au, ai hita ce, kamar dama ya sani. Ashe akwai wani ɗan ƙaramin lagireto ɓoye a can, na ɗumama mota a ƙasashen sanyi, kuma ruwan inji yana ratsa shi ko ba a kunna ba. Tsatsar ruwan rijiya ce ta huda shi, ita ce kuma ta ba ruwan kalar da ta ɗaure dattijo. Ya haɗe tiyo biyu ya kewaye shi. Tun ranar ruwa bai ragu ba.

Roƙona kaɗan ne. Duk wanda ya kawo muku mota mai shan ruwa ba a ga inda take zubarwa ba, a wanke hannu a buɗe ƙofar fasinja a taɓa kafet, tun kafin a taɓa sifana. Kada a jira mai mota ya faɗa, wataƙila yana da abin da ya ɗaure masa baki. A daina cewa ruwa ai ruwa ne. Ƙwai kuma a bar wa masu shayi.

Ban nemi a biya ni komai ba. Murfi da tiyo da famfo na yafe. Juma'o'in da Baba ya yi a ɗaki yana zargin kansa ne ba wanda zai iya mayar masa, shi ya sa na rubuto a fili, don kada a yi wa wani tsohon.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da wuta, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Baba yana gaishe ka. Ya koma limancinsa, ya koma kujerarsa, kuma Juma'ar da ta wuce da butarsa cike ya shigo motar, yana kurɓa muna tafe.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu Tela, Daura.