A Kan Burabuskon Da Ya Huce Tsakanin Jidda Da Karachi

Zuwa ga Mai Girma Manajan ofishin sayar da tikitin jirgin sama na garinmu Maiduguri, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, ina shelanta wa mutanen Borno, na birni da na ƙauye, cewa an zalunci wata tukunyar burabusko a unguwar Fezzan, kuma ofishinka ne sanadi.

Na ɗaya. Mahaifiyarmu, Ya Falmata, tana da doka tun zamanin da ake zuwa Kano a mota: in ɗan gida yana kan hanya, ba ta cin komai, ba a kuma buɗe tukunya sai ya sauka. Ƙanena Modu ya sami gurbin karatu a Pakistan. Ya kwana Jidda, washegari zai tashi zuwa Karachi.

Na biyu. Na zo da kaina, da babbar riga, na tambayi akawunka nisan wuraren nan biyu da tsawon tafiyar. Game da nisa ya ce duk Asiya ce, kamar mai kwatanta tsakanin unguwar Mafoni da kasuwa. Game da lokaci ya ce tashi sha biyun rana, sauka shidan yamma. Na kai wa tsohuwa haka.

Na uku. Ta zauna kan tabarma da carbi tun safe. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Mace ce mai ciwon gyambon ciki. Na roƙe ta ko kunu ta kurɓa, ta ce ba za ta haɗiyi abu ɗanta na rataye a sama ba. Da magariba aka buɗe tukunya, miyar yakuwa ta daskare, ita kuma ta kwana biyu tana riƙe da ciki.

Na huɗu. Daga baya maƙwabcina Malam Bitrus, mutumin Biu mai koyar da labarin ƙasa, ya juya mini ƙwallon duniyarsa. Ashe tsakanin filayen jirgin biyu kusan kilomita dubu uku ne, tafiyar kamar awa huɗu. Sha biyun agogon Jidda ne, shidan kuwa agogon Karachi, wanda ya riga namu da awa huɗu. Wato tun wajen azahar ɗinmu Modu ya taka ƙasa. Yana can yana shan shayi, uwarsa na nan tana riƙe masa jirgi da yunwa.

Yallaɓai, Modu zai dawo hutu ta wannan hanya, tsohuwa kuma ba za ta sauya doka ba. Ina roƙon a umarci akawunka, duk wanda ya tambaya, ya gaya masa nisan da awannin, ya kuma mayar da saukar zuwa agogon Maiduguri, domin da shi iyayenmu suke jira.

Allah ya ƙara maka girma, ya sauke fasinjojinka lafiya, ya sa kana cin abincinka da zafi.

Saboda adalci: da la'asar ta rannan na laɓaɓa madafa na zari tsoka ɗaya. Tunda jirgi ya riga ya sauka, doka ba ta kama ni ba, amma a niyyata yana sama. Don haka na ci kaina tarar goro biyu, farare, a kai wa Ya Falmata ba tare da bayani ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Bukar na Fezzan