Makullin Shagon Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Jiya Mama ta ce in shagon takalman Baba ya ƙara wata biyu ba ciniki, za ta karɓe makulli daga hannuna ta ba ki. Ni da na shekara goma sha biyu ina share ƙofar shagon nan!

Abin da ke ci mini rai, ni ina da takalmin kowa da kowa: na jarirai, na 'yan ƙwallo, na amare, na ma'aikata. Ke kuwa kala ɗaya tak kike sayarwa, wannan mai laushin na ma'aikatan jinya, a wani ɗan lungu kusa da asibiti, amma wai har layi ake yi miki. Duk inda na zauna sai an ce, "Kai ne yayan mai takalmin nas-nas?" Wallahi kishi nake yi, na faɗa. Wane asiri kike yi?

Ki gaishe da yara.
Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Asiri kuma? Allah ya kiyaye! Mutanena kawai na zaɓa. Na duba gari na ga kowa da irin ƙafarsa da irin damuwarsa, sai na ɗauki masu wuni a tsaye, na bar sauran. Su nake saurara, su nake sayo wa kaya. Wanda ya ce zai gamsar da kowa, Yaya, ba wanda zai ji don shi aka buɗe shagon.

Makulli kuma ban roƙa ba. Amma in Mama ta miƙo, ba zan naɗe hannu ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Na sayo irin takalminki katan uku, na karya farashi, na tura saƙo ga masu jinya su zo da sassafe kafin su shiga aiki. Sun zo, na auna su da hannuna, sun saya. Kwana uku sai ga su sun dawo da shi, wai yana matse su. Wata doguwa har da riƙe ƙugu: "Malam, ƙanwarka ba ta taɓa yi mana haka ba." A gaban maƙwabta! Ki faɗa mini gaskiya, ke kika zuga su?

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini, na yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya zuga su. Ƙafar da ta wuni a tsaye kumbura take yi. Shi ya sa ba na auna kowa sai bayan ta tashi daga aiki, kai kuwa ka auna su da safe. Kayana ka kwaikwaya, ba ka san mutanena ba.

Bari in tambaye ka. Su wa ke zuwa shagonka kullum ko ba ka kira su ba? Tsofaffin nan abokan Baba, masu zama a benci, waɗanda kake ƙorafin sun cika maka wuri. Ka taɓa kallon ƙafafunsu? Rabinsu ba sa iya sunkuyawa su ɗaura igiya. Wasu sun take bayan takalmin saboda kumburi. Duk garin nan ba mai sayar musu da abin da ya dace da su, ga su kuma da 'ya'ya masu son faranta musu. Naka mutanen na zaune a ƙofarka, kai kana leƙen nawa.

Taka,
Auta

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Na kwashe na amare da na 'yan ƙwallo, na zuba masu faɗin baki marasa igiya. Na ƙara benci, na sayi 'yar kujerar ɗora ƙafa. Wani tsohon direba cikin abokan Baba da ya sa nasa, sai da ya zagaya shagon sau uku yana cewa, "Yaro, ina ka ɓoye wannan tuntuni?" Washegari ya kawo mutum biyar. Yanzu har gida ake kirana in auna waɗanda ba sa iya fitowa.

Mama ta ce makulli ya zauna a wurina, tana ta yabona wai na gado basirar Baba. Don Allah kar ki gaya mata shawararki ce. Ki bar mini wannan ɗaya. Kuma har yanzu ina jin haushinki, kar ki ɗauka ya wuce.

Yayanki

Yaya,

Barka da arziki. Ba abin da zan gaya wa Mama, don ita ta lura da ƙafafun tsofaffin, ba ni ba. Ta ce sau uku tana faɗa maka kana cewa "to, Mama" kana danna waya. Shi ne ta ce bari ta ce za ta ba ni makulli, in dai ɗanta ne, abin da bai ji daga bakin uwa ba, zai ji shi daga bakin kishi.

Ni ko a mafarki ba a taɓa yi mini tayin shagon nan ba. Kai take so a ciki tun farko. To, yanzu sai ka faɗa mini wa ya kamata ya ji haushin wani.

Ƙanwarka,
Auta