Hoton da Ka Aiko Daga Kan Gada

Damagaram, ƙarshen rani, 1974

Zuwa ga ƙanena Alkasum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga sharrin baƙunta, amin. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Inna ƙafafunta sun kumbura, matata Hauwa ta yaye 'yarmu Shatu ba don lokaci ya yi ba, nonon ne ya ƙafe. Damina biyu ke nan gonarmu ta Droum ba ta ba mu ko damin kirki ba. Shanun nan uku sun mutu, jakin ma ya bi su. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa mu ci, kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka.

Takardarka ta iso ta hannun Mutari mai kamyo, direban babbar motar nan, tare da hoton. Na karanta wa Inna har sau uku. Shafi biyu cur ka cika da labarin gadar Sanluwi ta ƙasar Sinigal: wai ƙarfe ce zalla, wai tsakiyarta na juyawa kamar ƙyauren ɗaki a buɗe wa jirgin ruwa hanya, mutane su yi cirko-cirko a gaɓa biyu har ta koma ta haɗe. Ka ce ka je musamman ranar hutu don ka ba idonka abinci. Madalla. A shafi biyun nan ban ga layi ɗaya da ka tambayi abin da ke cikin rumbu ba. Ni da na dubi hoton ma ba gadar na gani ba, ruwan da ke ƙarƙashinta na tsaya kallo, mu da Hauwa ke kwashe rabin yini a bakin rijiya kafin tulu ɗaya ya cika.

To, ga abin da hotonka ya jawo mana. Ka san Inna da ɗanta. Ta naɗe shi a gefen zane ta shiga gari gida-gida da kumburarrun ƙafafu, tana nuna ka cikin rigar Nasara da takalmi mai ƙyalli, hannu a aljihu, tana cewa auta ya zama babban ma'aikaci a bakin teku. Har zauren mai gari ta kai shi. Sati bai zagayo ba aka zo rubuta gidajen da za a ba jar dawar agaji. Dawar kaɗan ce, bakuna da yawa, sai dattawa suka yanke cewa duk gidan da ke da ɗa mai albashi a waje ya haƙura ya bar wa marasa kowa. Sunan gidanmu ne na farko da aka tsallake. Na je na yi magana, mai gari ya ce shi ma ya ga hoton da idonsa, kuma ba zai cire tiya daga bakin marayu ya ba gidan mai rigar Nasara ba. Wallahi ban ga laifinsa ba, da ni ne haka zan yi.

Jiya na tako daga Droum har unguwar Zango ta nan Damagaram na titsiye Mutari a shagonsu. Da ƙyar ya faɗa mini cewa kwandunan kifi kake dako a bakin ruwa, ku shida kuke kwana a ɗaki ɗaya, rigar da takalmin kuwa na mai ɗaukar hoto ne, yana ara wa duk wanda ya zo. Alkasum, dako ba abin kunya ba ne, Baba ma ya yi shi a wannan Zangon. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka yi ado da kayan aro, mu muka biya da cikinmu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan karon ba kai ka faɗa ciki ba, Shatu ce. In ka ga wuyanta yanzu sai ka kau da kai.

Ba na roƙon ka aiko da komai, na san babu. Takarda ɗaya nake so, da hannunka, zuwa ga mai gari, ka faɗi aikin da kake yi, ka kuma faɗi ko rigar ta wane ce. Ya ce in ya ga haka zai mayar da mu cikin rabo na gaba, wanda ake sa ran yi kafin saukar ruwa. Ka sani a zaure za a karanta ta gaban dattawa, kuma kafin la'asar maganar ta kai kunnen Inna. Ni na kasa gaya mata. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Mutari zai juya ran Asabar ta sama, kada ya dawo hannu sake.

Hauwa na gaishe ka, da Kawu Inusa da Gwaggo Lubabatu. Ka gaishe da abokan ɗakinka biyar. Inna kuwa ta ce in gaishe ka da kyau, tana sa maka albarka. Hoton yana cikin ƙwaryar furarta, tunda ba abin da ake zubawa a ciki yanzu. Ta ce in roƙe ka, in ba zai takura maka a wurin aiki ba, ka sake ɗaukar mata wani ranar da gadar ta buɗe, cikin wannan rigar taka.

Wassalam. Ni ne wanka,
Nomau