Ɗan Gata Ya Kwanta

Daga Bagwai
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayana Balarabe, Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Fanta da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Inna ƙafar ce dai, amma tana iya fita tsakar gida. Maijidda da Fadima suna zuwa makaranta ran da aka samu na kari. Na fita takabar Dallatu, amma Yaya, har yau in an yi sallama a zaure sai na ɗaga kai ina zaton shi ne. Na zaɓi rubutu don in na ɗauki waya kuka ke cin ƙarfina.

Ka san shanun huɗa biyu da marigayi ya saya bara da rancen ƙaramin bankin nan mai zuwa ƙauyuka, ya jinginar da gonarmu ta hanyar Watari. Ja ɗin ya sa masa suna Gwarzo. Farin kuwa Ɗan Gata, wai don in an ɗaura masa garma sai an lallashe shi kamar ango. Lokacin karɓar rancen, ma'aikacin bankin ya ce akwai inshora ta masu ƙaramin ƙarfi: a riƙa ƙara ɗan abu kan biya, in sa ya mutu su ɗauke nauyinsa. Aka maƙala musu lamba a kunne. Dallatu ya so ya yi wa kansa irin ta, sai ya ga abin ya yi yawa, ya ce shanun suka fi shi shiga rana. Ya dawo gida yana dariya wai shanunsa sun zama ma'aikatan gwamnati. Da ya rasu, biyan ya dawo kaina, da haya ta huɗar da ƙaninsa Usaini ke yi da shanun nake biyan bankin.

Watan jiya Gwarzo ya kamu da ciwon huhu. Ran da ya faɗi, Usaini ya ga numfashi na ƙarewa, ya ruga ya kira Mati mahauci, aka yanka shi da sauran motsi. Wane ne a garin nan zai tsaya kallon sa yana zama mushe? Har barka aka yi mana da aka riske shi. Muka sayar da naman a wulaƙance, muka raba saura. Da ma'aikacin ya zo, na miƙa masa kunnen da lambarsa a ƙunshe cikin leda. Yaron kirki ne, ya zauna ya yi mini ta'aziyya, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce ba za a biya ba. Wai sa bai mutu ba, yanka shi muka yi da hannunmu. Ya ce doka ta tanadi ko dai likitan dabbobinsu ya zo ya ba da izinin yanka, ko ya tarar da gawar sa da lamba a kunne, domin in ba haka ba kowa zai yanka lafiyayye ya zo neman diyya. Na ce masa to mu da muka bi abin da addini ya ce fa? Ya ce shi ma da nasa ne da wuƙa zai kira, amma ba shi ya rubuta dokar ba.

Yanzu Ɗan Gata ya kwanta da ciwon nan. Mun buga wa likita waya har mun gaji. Shi kaɗai ne ga ƙananan hukumomi da yawa, ga tsadar mai, ya ce sai Litinin. Usaini ya ce san ba zai ga Asabar ba. In na bari aka yanka, babu diyya, babu shanu, kuma gona ce za ta tafi, wadda ita kaɗai Dallatu ya bar wa 'yan matan nan. In na hana, sai in zauna ina jiran dabbar da ta ciyar da mu ta mutu a banza, a ja ta bayan gari a jefa wa ungulaye, a shekarar da maƙwabta ke kwana da rama da ƙuli. Tun safe Mati ke zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya aiko mini wai shi bai taɓa ganin matar da ke gadin mushe ba, in yi wa Allah in tausaya wa dabba. Liman ya ce ɓarnar abinci ba kyau, ya kuma ce dukiyar marayu amana ce, ya miƙe ya bar ni da duka biyun. Inna kuwa tasbaha kawai take ja. Yaya, ɗazu na kama kaina ina roƙon Allah Ya ɗauki ran Ɗan Gata da wuri, ni da nake ba shi dusa a tafin hannuna.

Na ajiye biro a nan na je turke, yanzu na dawo. Na tarar ya miƙe wuya a ƙasa, kumfa na fita ta hanci, kowane numfashi sai ya yi gurnani. Fadima ta durƙusa tana kore masa ƙudaje, ta tambaye ni ko yana jin zafi. Na ce ta shiga ɗaki, na leƙa zaure na ce wa Mati ya shigo.

Don haka ba shawara nake nema ba kuma. Abin da nake roƙo, in an zo auna gonar, ka zo ka tsaya mini, kada in tsaya ni kaɗai a gaban mutane. In 'yan matan nan sun girma sun tambaye ka inda gonar ubansu ta tafi, ka faɗa musu yadda aka yi, kada ka rage komai.

Ka gaishe mini da Yaya Fanta, da Sama'ilu, da Bilki, da 'yar auta Maryam. Inna na sa muku albarka. Usaini da yara suna gaisuwa. Ku sa Dallatu a addu'a, ku sa mu.

Wassalam, taka ƙanwa,
Sakinatu