Na Yi Gudun Malahi, Abu Yasir

Abu Yasir,

Assalamu alaika. Na gaishe ka yadda na saba in ka turo ƙofa, ko da yake na san ba za ka amsa ba, idonka kuma ba zai taɓa sauka a kan takardar nan ba. Na sani, hankalina ɗaya. Labari ne ya cika mini ciki, kuma duk faɗin Jidda babu wanda zai ji daɗinsa kamar kai.

Bari in fara da gida. Muna nan ƙalau a Madain Fahd. Yasir yana Yanbu, aiki ya riƙe shi, amma ba ya fashin kira. Matarsa ta yi nauyi, sun ce in namiji ne sunanka za su sa. Mukayyif ɗin falo, na'urar sanyin nan da ka yi shekaru kana lallaɓawa, ya mutu, bai jure rashinka ba shi ma. Mai burodin tamis na bakin layi har yanzu in ya gan ni sai ya naɗe guda uku, sannan ya tuna, ya zare ɗaya.

To, ga labarin. Na yi gudun malahi, tseren nan na wurin wasan yara. Ni ɗin nan, Hajara, da gwiwar da ka sani. Ka gama dariyar tukuna, ina jira.

Sanyi ya shigo, sai masu wurin wasan nan na arewacin Kornish, can bakin teku, suka sake shirya gudunsu na ƙarshen mako, kamar kowace shekara. Juma'a da sassafe kilomita biyar na iyali, Asabar kuma dogon na ku masu ji da kanku, duk a cikin malahin kafin a buɗe wa yara. Ka tuna yadda kake zagin gudun nan? Shekara guda cur kana cewa ba tsere ba ne, biki ne. Wai hanya duk kwana-kwana, a zagaye dawakan katako, a bi ta ƙarƙashin lilo, mutum bai gama buɗe ƙafa ba sai ya ci karo da wata ta tsaya cak tana ɗaukar hoto. Wai kiɗa ya cika kunne, wai midaliyar kamar faranti kuma har wanda ya zo na ƙarshe ana rataya masa. Amma ranar da aka buɗe rajista, wa ke riga kowa? Ni dai ban taɓa gane maka ba.

Abokan gudunka na Sina'iyya, unguwar masana'antu, suna nan da gardamarsu. Usta Garba, mai walda, yana kan bakansa: gudun gaskiya shi ne wanda kuke yi a bayan sito-sito, miƙaƙƙen titi, ba kiɗa ba tafi, daga kai sai numfashinka. Ya ce gudun malahi na masu son a gan su ne. Isufu ɗan Maraɗi kuwa ya ce a bar shi da abinsa. A nan ne kaɗai babu tirela a bayansa, akwai ruwa a kowace kwana, 'ya'yansa kuma suna tsaye suna kiran sunansa. Ka tuna shekarar da iƙamarsa ta zaman ƙasa ta ƙare, rajista ta gagara, ya bi ku ta wajen katanga yana gudu yana leƙenku ta tsakanin ƙarafa? Har yau in ya ba da labarin sai ya ce wannan ne gudun da ya fi masa daɗi. Da ka rasu sun zo mini gaisuwa tare, Usta Garba ya rantse ba zai ƙara taka malahin nan ba, tunda wanda ke jansa can ya tafi.

Amma ba don su na rubuto ba. Don Rahma ne.

Abu Yasir, 'yarka ta tsorata ni. Yarinyar da ke tashinka da asuba tana bubbuga ƙofa, wadda kuke fita Kornish tare ku dawo kuna musu a kan wa ya riga wa, tun ranar da aka fita da kai ba ta sake gudu ba. Ta tura takalmanta ƙarƙashin gado. Ta je jami'a ta dawo, ta rufe ɗaki. Abinci sai na tsaya a kanta. Ka san ita da ma Hausa a kunne take, in na yi mata sai ta mayar mini da Larabci, to har Larabcin ya ƙafe. Ba ta kuka, kuma wannan ne ya fi damuna. Na yi addu'a, na yi lallashi, na yi faɗa. Yasir ya zo ya yi nasa. Sai ta ce tayyib, wato to, ta koma ɗaki. Me za ka yi da kai ne? Kai ka iya da ita. Ni tsakanina da ita sai girki da wanki da ki rufe kanki, kai ne kake da yarenta.

Ranar da Isufu ya aiko matarsa ta gaya mini an buɗe rajista, ko Rahma za ta so, na shiga na faɗa mata. Ta ce halas, wato an gama, ita da gudu har abada. Na fito na zauna a falo. Can sai na kira Yasir na ce ya sa sunana. Sai ya tambaye ni ko na sha maganina.

Na durƙusa na jawo takalman Rahma daga ƙarƙashin gado. Ka san sun yi mini daidai? Na sayi abayar gudu irin mai ƙafafun wando, na fara fita bayan sallar asuba ina zagaya unguwa. Ranar farko ban wuce masallaci ba na dawo ina haki. Matan layinmu suka ɗauka asibiti aka ce in yi. Na bar su a haka. A hankali na fara kaiwa har bakin babban titi, ina tafiya, in ɗan sassarfa, in koma tafiya.

Da Rahma ta ga takalmanta a ƙofa da ƙura a jikinsu, ranar ce ta yi mini doguwar magana ta farko. Faɗa ne, amma wallahi daɗi na ji. Ta ce ni da ko bene ba na iya hawa sai na huta, so nake in faɗi a gaban mutane? Ta ce ta rasa Abuya, kai ke nan, so nake ta rasa ni? Na ce mata na riga na shiga, kuma ina bukatar mai riƙe mini jaka, tunda ni na yi shekaru ina riƙe muku. Ta ce ba za ta je ba.

Ranar Juma'a na fito ɗaure takalmi, na same ta a falo da abayarta da silifas, fuska a murtuke. Ta karɓe jakar daga hannuna ba ta kalle ni ba.

Ban taɓa ganin malahin daga ciki ba, ta tsakiyar hanya. Kullum ina bayan igiya. Ashe haka kuke gani? Gari bai gama wayewa ba, fitilun babban lilon nan mai kama da ƙafar keke suna kunne, iska na tasowa daga teku. Ga tsofaffi, ga mata da keken jarirai, ga wani ƙato ya sa kunnuwan zomo. Aka busa, kowa ya zuba. Na bi su.

Farkon lafiya lau. Na wuce dawakan katako, ma'aikatan wurin suna tafa mana, wata yarinya ta miƙo mini ruwa ta ce yalla ya khala, wato ci gaba, inna. Kuma gaskiyarka, Abu Yasir, masu hoton nan bala'i ne, saura kaɗan in hau kan wata. Amma gaskiyar Isufu ma, domin duk inda na ji zan tsaya sai in ga wani abin kallo a gaba, in ce bari in kai can.

Wajen jirgin nan mai hawa sama yana kifewa da mutane gwiwar ta ce ba ta san zance ba. Na koma tafiya, tafiyar ma ta koma ɗingishi. Mutane suka yi ta wuce ni har na daina jin takun kowa. Na waiwaya, sai ga 'yar motar nan mai batir da ke kwashe waɗanda suka gaza, tana biye da ni a hankali. Direban ya ce in hau, ba abin kunya ba ne, an kusa buɗe wa jama'a. Na ce masa ya ɗan ƙara mini. Na dafa wani ƙarfe na tsaya. A raina na ce shi ke nan, Hajara, kin jawo yarinya ta zo ta ga uwarta a motar gajiyayyu, yanzu kin ƙara mata wani abin.

Sai na ji an kama mini hannu. Rahma ce. Ta tsallako igiya, jaka a kafaɗa, silifas a ƙafa. Wani mai gadi yana kiranta, ko waiwaye ba ta yi ba. Na zaci cewa za ta yi in hau motar. Sai ta dube ni ta ce, da Hausa, Abu Yasir, da Hausarta mai karkata: "Ummi, ɗaga kai. Saki kafaɗa. Kada ki kalli ƙasa, ƙasa ba ta zuwa ko'ina."

Na san ba maganarta ba ce. Ban taɓa jin ka faɗa ba, domin ban taɓa bin ku ba, amma har yadda ta ja ƙarshen kalmar naka ne. Ashe abin da kake gaya mata ke nan duk safiyar nan da kuke fita? Na ɗaga kai. Muka tafi, tana ƙirga mini numfashi, tana cewa taka, taka, saura kaɗan. Sai da muka zagayo ƙarƙashin babban lilon na lura muryarta na rawa. Na duba, hawaye ne ke zuba, ba ta ko sharewa, bakinta kuma bai daina taka, taka ba. Ban ce mata ta yi shiru ba. Na daɗe ina jiran kukan nan.

Mu ne na ƙarshe. Har sun fara naɗe tabarmar bakin layi suka mayar. Isufu da matarsa da 'ya'yansu suna ihu kamar na ci kofi. Aka rataya mini farantin nan da kake rainawa, kuma ina gaya maka nauyi gare shi. Direban 'yar motar ma ya sauko ya tafa.

Asabar Rahma ce ta tashe ni, ta ce mu je mu ga dogon gudu. Wa za mu gani a layi? Usta Garba, da rantsuwarsa da komai. Ya ce labari ya kai masa cewa Ummu Yasir ta yi kilomita biyar, shi kuwa ba zai zauna a gida a riƙa nuna shi ba, zai yi kaffara. Ya gama ya zo yana haki yana cewa har yanzu ba tsere ba ne. Bayan nan muka zauna cin waken ful da tamis, sai Isufu ya ciro waya ya ce akwai amanar da ya gaji da riƙo. Hotunanka ne, Abu Yasir. Kai da mutumin nan mai shiga rigar zaki, ka rungume shi a tsakiyar gudu, bakinka har kunne. Ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba. Kai mai zagin masu tsayawa hoto! Usta Garba ya kalla ya kalla, ya ce munafuki, sannan ya juya baya yana goge ido da riga. Rahma ta yi dariya har ta sarƙe da shayi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk mitar da nake yi in za mu tafi, wai an tashe ni da asuba don in riƙe wa tsoho jaka, ta baki ce. Ina son wurin nan da nake tsayawa. Ina son lokacin da za ka ɓullo daga kwana, furfura ta jiƙe, kana neman inda nake da ido, in ka gan ni sai ka gyara gudu kamar ba ka gaji ba. Na ga duk wannan. Shekara talatin ina aurenka, amma a nan sai in ji kamar yau aka nuna mini kai. Na ɗauka akwai lokacin faɗa, sai ciwo ya zo bai ba mu ko wata biyu ba. Ka sani kuwa? Ina jin ka sani.

Rahma ta karɓe takalmanta. Ta ce in ina so in ci gaba sai a saya mini nawa, kuma wai ina taka ƙafa kamar mai daka. Jiya da asuba na ji ƙarar ƙofa, na leƙa ta taga na gan ta ta nufi motar matar Isufu, za su Kornish. Ta dawo ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ba zan ce maka ta warke ba, ni ma ban warke ba. Amma ta fita, ta dawo da yunwa, yau wannan ya ishe ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa can ta fi maka nan. Ka riga mu isa, kamar yadda ka saba. Ka jira mu a bakin layi. Ni ka san ba sauri gare ni ba, amma ina tafe.

Taka har kullum,
Hajara, Ummu Yasir, da gwiwarta a ɗaure.